Taron Bishara Na Kwana Uku Ne, Littafi Kuwa Na Shekaru

 

A wannan mako za mu waiwayi yammacin Jihar Kano, wato ƙasar Gwarzo da Kabo da maƙwabtansu irin su Ƙaraye, inda har yanzu akwai ƙauyukan da a gida guda za a iske Musulmi da Kirista da mai bin al'adar Maguzanci, alhali kakansu ɗaya ne. Idan kaka ta wuce, aka kai amfanin gona rumbu, majami'un irin waɗannan ƙauyuka sukan shirya abin da suke kira taron farkaswa. A kafa rumfa, a ɗaura lasifika, mai bishara ya zo daga birni, matan zumunta su yi ta waƙa da Hausa, a yi kwana uku ko huɗu a watse. Mu kuwa abin da yakan tayar mana da hankali shi ne ƙarar lasifikar. Amma wanda ya bi tarihi zai ga ba lasifika ce ta kafa waɗannan majami'u ba. Makaranta ce, da ɗakin shan magani, da littafin da aka buga da harshen da manomi ke ji.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 1900 ayarin 'yan mishan na CMS, cikinsu har da Bishof Tugwell da Likita Miller, suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta yi shekaru tana taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, saboda alkawarin da Lugga ya yi cewa ba za a taɓa addini ba. To, da aka rufe musu ƙofar wa'azi a fili, sai suka koma ga alƙalami. Likita Miller ya zauna a Zariya, ya duƙufa kan harshen Hausa shekara da shekaru, shi da abokan aikinsa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Ƙungiyar SIM kuwa, wadda mutanenta na farko suka sauka Ikko a 1893, ba ta sami gindin zama a Kano ba sai cikin shekarun 1930. Ƙofar da ta buɗe mata ita ce jinyar kutare, aikin da mutane da yawa ke ƙyama. Daga nan ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943, ta kafa makarantar 'yan maza a Roni, da ta 'yan mata a Kabo, da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. Yarinyar da ta koyi karatu a Kabo ta koma ƙauyensu da littafin waƙoƙi a hannu, ta auri wanda ya fito daga Tofa, su biyu suka zama makaranta, suka zama majami'a. A 1954 aka kafa cocin ECWA domin 'yan ƙasa su riƙe aikin da kansu. A Jos kuma aka yi ta buga littattafai da mujallu da ƙananan takardun wa'azi, ana sayar da su da araha a kantunan Challenge, gidan rediyon ELWA da ke Laberiya yana watso shirye-shirye da Hausa. Ko da gwamnati ta karɓe makarantun mishan cikin shekarun 1970, littattafan nan suna cikin akwatunan mutane, ba wanda ya karɓe su.

Kada wani ya ɗauka muna cewa Musulmin ƙasar nan ba su san alƙalami ba. Tun kafin Bature ya san hanyar Kano malamanmu ke wallafa littattafai da Larabci, suna tsara waƙoƙin wa'azi da ajami, kuma kowane watan azumi ana fassara Alƙur'ani da baki a masallatai da fadodin sarakuna. Inda muka yi jinkiri shi ne wajen ɗab'i da rubutun boko, domin mun daɗe muna yi masa kallon kayan Nasara, alhali kuwa shi ne rubutun da yaƙi da jahilci ya koya wa talakan ƙauye. An kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, malamai irin su Malam Haliru Binji sun rubuta littattafan ibada da boko domin 'yan makaranta, amma tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi ba ta fito ba sai a 1979. Tsakanin 1932 da 1979 shekara 47 ke nan. Duk Bamagujen da ya iya haɗa baƙi da wasali cikin waɗannan shekaru, ya nemi abin karantawa game da Ubangiji da harshensa, to, mun san wanda ya riga mu isa ƙofar gidansa.

Yanzu kuma mu dubi babban taro, mu ga abin da ya haifar. A watan Oktoba na 1991 aka shirya wa Bajamushen nan mai wa'azi, Reinhard Bonnke, gagarumin taron bishara a birnin Kano. An cika gari da takardun talla, zukata suka harzuƙa, musamman da yake mutane na ƙorafin cewa an hana Shaihu Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu irin wannan dama. Ranar 14 ga wata aka fita zanga-zanga, ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka yi hasarar rayuka masu yawa, Musulmi da Kirista, aka ƙone kantuna da gidaje da wuraren ibada. Taron bai yiwu ba, aka fitar da baƙon daga gari. To, wa ya ci riba? Shi dai ya komo Nijeriya bayan wasu shekaru, ya tara dubban ɗaruruwan jama'a a Ikko a shekarar 2000, ya ci gaba da sha'aninsa har ya mutu a 2019. Marayun da aka bari a Kano kuwa ba wanda ya mayar musu da iyayensu, ɗan kasuwar da rumfarsa ta ƙone bashi ya bi shi har gida. Masu shirya taron sun yi kuskure da suka raina yadda mutanen gari ke ji, hukuma ta yi sakaci, waɗanda suka ɗauki makami kuma suka zubar da jinin da Allah Ya haramta. Wannan tarzoma ba ta koya wa ko mutum ɗaya a Getso ko Garo yadda ake alwala ba.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba game da wannan. Aya ta 125 ta Suratun Nahli ta shimfiɗa yadda ake kira zuwa ga Allah, aya ta 46 ta Suratul Ankabut ta iyakance yadda ake muhawara da Ma'abota Littafi, aya ta 108 ta Suratul An'am kuma ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi ayarin Kiristocin Najran a Madina, aka yi muhawara da hujja, suka koma gida lafiya bisa yarjejeniya. Wanda ya ce kishinsa ya wuce wannan, to, ya binciki zuciyarsa.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa tukuna. Alhaji, yana da kyau ka ɗauki nauyin bikin musuluntar da mutane, a raba atamfa da shadda, a ɗauki hoto. Amma kashegari fa? Sau da yawa akan bar sabon Musulmi ba malami, ba littafi, ba rijiya, ba magani, in ciwo ya kama ɗansa da dare sai ya tuna da wanda ya saba zuwa duba shi. Tun zamanin rangadin Sardauna na 1963 zuwa 1965 ake kukan wannan rashin bibiya. Marigayi Dokta Hassan Gwarzo, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ɗan wannan ƙasa da muke magana a kai, ya kasance cikin jagororin ƙungiyar Islamic Foundation ta Kano, wadda ta sa aikin da'awa a ƙauyukan Maguzawa a gaba. Irin wannan aiki shi ke neman dukiyarku: albashin malamin da zai zauna a ƙauye rani da damina, da buga ƙananan littattafan tsarki da salla da tarihin Annabi cikin Hausa mai sauƙi, boko da ajami, malamai su duba su kafin a kai maɗaba'a, a sayar da su a kuɗin da mai tallan ƙosai za ta iya biya. A zamanin nan na wayar hannu kuma, a naɗi karatun da murya saboda wanda bai iya karatu ba.

Sai ku ma'aikatan gwamnati, musamman na ƙananan hukumomi. Idan takardar neman izinin taro ta zo teburinku, ko daga limami ko daga fasto, ma'auni ɗaya za ku ɗauka: wurin da za a yi, da lokacin da za a kashe lasifika, da sharaɗin cewa ba za a zagi addinin kowa ba. A sanar da dagaci da mai unguwa da wuri, a zaunar da shugabannin ɓangarorin biyu tun kafin a kafa rumfa. Masihiyawan Gwarzo da Kabo ba baƙi ba ne, 'yan ƙasa ne masu biyan haraji, suna da hakkin takardar shaidar ɗan ƙasa da gurbin makaranta kamar kowa. Ma'aikacin da ya danne musu hakki yana zaton addini yake taimako, alhali mutane yake kora daga gare shi.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Maƙwabtanmu sun yi haƙurin shekaru suna koyar da yara baƙi da wasali a ƙarƙashin inuwa, mu ma muna da malamai, muna da dukiya, saura niyya da juriya. Allah Ya ba mu ikon kira da hikima, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.