Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Ku shugabannin manyan kamfanoni, da ku daraktocin da ke yanka musu albashi, ku ji tsoron Allah. Rabon da kuke yi ba adalci ba ne, ko da kun lulluɓe shi da sunan "ladan ƙwazo".

Mu yi lissafi a fili. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 a wata, wato 840,000 a shekara. A kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ta Legas kuwa, akwai shugabannin da ke kwasar sama da naira biliyan ɗaya a shekara guda. Ƙaramin ma'aikaci sai ya yi kusan shekara 1,200 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara wannan. Wace irin ƙwaƙwalwa ce ta kai gumin mutum dubu?

Kuna cewa riba ce ta jawo. To, kamfanin MTN na Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 400 a 2024, amma shugabansa bai fita daga sahun masu biliyan ba. Da shigowar 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Asara ta talaka ce, riba ta masu kujera.

Ku zo Mugulbu, nan kusa da Mubi, ku ga inda kuɗin ke fitowa. Mace ce za ta ɗauro gyaɗarta, ta biya ɗan acaɓa zuwa kasuwar Mubi da kuɗin da ya ninka tun cire tallafin mai a 2023, ta sayar, ta kwance bakin zane ta sa katin ɗari biyu don ta ji muryar ɗanta da ke Yola. Daga irin wannan ɗari biyun ake tara biliyoyinku.

Ɗabi'ar ma kwaikwayo ce. A Amurka, a 1965 shugaban babban kamfani yana samun kamar ninki 20 na abin da ma'aikacinsa ke samu; yau ya kai ninki ɗaruruwa. Kun ɗauko cutar, kun bar maganin, domin can kamfanoni na bayyana wannan tazara bisa tilas, masu hannun jari kuma na kaɗa ƙuri'a a kan albashin shugaba.

Kada namu na gida su ce ba da su ake ba. Na san malamar wata makarantar kuɗi a nan yankinmu da ke shan alli tun safe har azahar, albashinta bai kai rabin 70,000 ba, shi ma sai wata ya yi nisa. Mai makarantar kuwa ya sake mota. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma hakki bai san wannan togiya ba.

Ba mu ce kada a biya shugaba da kyau ba. Jagoranci aiki ne. Amma a fara da na ƙasa: a biya mai gadi, da direba, da malama abin da zai ciyar da iyali, kuma a kan lokaci. In kamfani ya faɗi, albashin shugaba ya fara sauka kafin a sallami kowa. Duk wanda ya ƙoshi da gumin da bai biya ba, ya sani akwai ranar hisabi.