FARANSA: DUKIYAR MUSULMI ABAR SO, HIJABIN 'YARSA ABIN ƘI

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, a ranar 4 ga Satumba 2023 aka koma makaranta a ƙasar Faransa bayan dogon hutu. Daga cikin ɗalibai kusan miliyan 12 da ƙasar take da su, hankalin gwamnati da na 'yan jarida ya tattaru ne a kan 'yan mata 298 kacal. Laifinsu shi ne sun zo cikin abaya, wato doguwar rigar nan mai yalwa da ministan ilimi na lokacin, Gabriel Attal, ya haramta mako guda kafin nan. Aka tsayar da su aka ce su canja tufafi. Mafi yawansu suka bi, 67 suka ƙi, aka mayar da su gida. Ba a cika wata shida ba, a Fabrairun 2024, sai ga Sarkin Katar a birnin Faris, an shimfiɗa masa jan kafet, an yi masa liyafa a fadar shugaban ƙasa, shi kuma ya yi alkawarin zuba jarin Yuro biliyan 10 a Faransa. Matan ƙasarsa wannan abayar suke sawa, da ita kuma suke shiga manyan kantunan Faris ana yi musu barka da zuwa, babu mai tambayarsu tsawon hannun riga. To mene ne ya bambanta wannan abaya da waccan, in ba jakar kuɗin da ke rataye a kafaɗa ba?

Wannan al'amari ba jiya ya fara ba. A watan Mayun 1958, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, sojojin Faransa sun shirya taruka a birnin Aljiyas inda aka fito da mata Musulmi bainar jama'a suna cire mayafi ana tafi, domin a nuna wa duniya cewa matan Aljeriya sun zaɓi Faransa. Shekara 4 bayan haka Aljeriya ta ƙwaci 'yancinta, amma tunanin da ya shirya waɗancan taruka bai mutu ba, ƙaura ya yi ya koma gida. A 1989 aka kori 'yan mata uku daga makaranta a garin Creil saboda ɗankwali. Majalisar ƙoli mai ba gwamnati shawara kan shari'a ta duba lamarin ta ce sanya ɗankwali shi kaɗai bai saɓa wa tsarin ƙasa ba. Da doka ta ƙi ba su abin da suke so, sai suka canja dokar. Ranar 15 ga Maris 2004 aka zartar da dokar hana alamomin addini bayyanannu a makarantun gwamnati, bayan 'yan majalisa 494 sun amince, 36 kawai suka ƙi. A 2010 aka hana rufe fuska a kan titi, da tarar Yuro 150, alhali ƙididdigar gwamnatin da kanta ta nuna masu niƙabi a ƙasar ba su kai 2,000 ba. A 2024 kuwa, da Faris ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, 'yan wasan da suka zo daga wasu ƙasashe sun yi gasa da hijabinsu, 'yar Faransa ce kaɗai aka hana.

Hujjarsu a kullum ita ce tsarin raba addini da gwamnati, abin da Larabawa suke kira ilmaniyya, wanda dokar 1905 ta kafa. Mun karanta dokar. Abin da ta ɗaure shi ne hukuma: kada ta ɗauki wani addini ya zama nata, kada ta biya malamansa albashi. Talaka kuwa lamunce masa 'yancin aƙida ta yi a layinta na farko. Yarinya 'yar shekara 14 ba hukuma ba ce, kanta kuma ba ginin gwamnati ba ne. Sannan ko ita dokar ba su riƙe ta da gaskiya ba. A yankin Alsace da Moselle, wanda yake hannun Jamus a 1905, har yau baitulmali ne yake biyan albashin limaman Katolika da fastocin Furotesta da malaman Yahudawa, Musulunci kuwa ba ya cikin lissafin. Daga cikin ranakun hutu 11 na ƙasar, 6 bukukuwan Kirista ne. Dubban makarantun Katolika suna da yarjejeniya da gwamnati a ƙarƙashin dokar 1959, ita take biyan malamansu. Ba mu yi wa kowa baƙin cikin abin da ya samu ba, mudu ɗaya muke nema a auna wa kowa da shi.

Ku dubi abin da ya sami makarantar sakandaren Averroès ta birnin Lille, wadda aka sa wa sunan Alƙali Ibn Rushd, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun makarantun Musulmi da suka sami irin waccan yarjejeniya. A Disamban 2023 hukuma ta yanke mata tallafi, kuma daga cikin abubuwan da aka daɗe ana goranta mata akwai wata gudummawa da ta taɓa karɓa daga Katar. Katar ɗin nan dai da ta sayi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Paris Saint-Germain tun 2011, ta kuma sayi jiragen yaƙin Rafale 36 daga Faransa. Kuɗin Katar a filin ƙwallo jari ne, a masana'antar makamai ciniki ne, a ajin da ake koya wa ɗan Musulmi lissafi kuma ya zama barazana ga Jamhuriya! A Afrilun 2025 kotu ta soke matakin hukumar, amma bayan makarantar ta shafe fiye da shekara tana cikin zullumi.

Wanda yake son ya ga fuskokin biyu a lokaci guda, to ya dubi makon farko na Disamban 2020. Ranar 2 ga wata majalisar ministoci ta rushe CCIF, ƙungiyar da take tattara koke-koken Musulmin da aka nuna wa wariya tana kai su kotu. Ranar 9 ga wata aka gabatar da ƙudurin dokar yaƙi da abin da suka kira ballewa daga Jamhuriya, wadda ta ƙara matse masallatai da ƙungiyoyi da karatun gida. A tsakanin waɗannan ranaku biyu Shugaba Macron ya karɓi baƙuncin Abdulfattah Sisi na Masar, ya rataya masa lambar girma mafi daraja a ƙasar, kuma ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa ba zai gindaya sharaɗin haƙƙin ɗan Adam a kan cinikin makamai da Masar ba. Aka zartar da waccan doka a Agustan 2021. Ranar 3 ga Disamba na wannan shekara Macron yana Dubai ana sa hannu a kan sayar wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa jiragen Rafale 80 a kan kuɗi kimanin Yuro biliyan 16, washegari kuma yana Jidda. Ba mu ji cewa a ɗaya daga cikin waɗannan zauruka wani mai rawani ya buɗe baki ya tambayi halin da 'yan matan Musulmi suke ciki a makarantun baƙon nasa ba.

A nan ne zancenmu yake da ɗaci, domin Faransa maslaharta take bi, kuma ba ta taɓa yi mana rantsuwa cewa za ta kare addininmu ba. Masu sayen jiragen su ne suke da abin faɗa, su ne kuma suka yi gum. A ƙarshen 2003, ana shirin kafa dokar hana hijabi, Nicolas Sarkozy yana ministan cikin gida ya tafi har Alƙahira, inda Shaihun Azhar na lokacin, Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, ya ce hijabi wajibi ne, amma ƙasar da ba ta Musulunci ba tana da ikon yin dokarta, kuma macen da ta bi tana cikin hukuncin wanda aka tilasta. Muna girmama Azhar, muna roƙa wa Shaihin gafara, amma duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta usulul fiƙhi ya san cewa rangwamen da Shari'a ta yi wa wanda aka tilasta nasa ne shi kaɗai. Ba ya wanke mai tilastawar, ba ya kuma sauke nauyi daga wuyan mai ikon yin magana. Yarinyar da ta cire ɗankwali a ƙofar makaranta tana kuka, Allah Ya san uzurinta. Sarkin da yake riƙe da kwangilar biliyoyi, wace lalura ce ta ɗaure masa harshe? Malaman tarihi sun ruwaito cewa kukan mace guda ne ya tayar da Halifa Mu'utasim zuwa Ammuriyya a shekara ta 223 bayan Hijira. Mu ba runduna muke nema ba. Jimla ɗaya muke nema a faɗa kafin a ɗora alƙalami a kan takarda.

Wani zai ce ai Faransa ta sha wuya a hannun masu kisa da sunan Musulunci. Haka ne. An kashe mutum 130 a Faris a daren 13 ga Nuwamba 2015, an kashe malamin makaranta a Oktoban 2020, kuma mun faɗa a wannan shafi, muna ƙara faɗa, cewa wannan ta'addanci ne da Musulunci ya barranta daga gare shi. Mu da muka ga abin da irin wannan aƙida ta yi wa Borno da Yobe da Diffa ba ma bukatar wani ya koya mana muninta. Amma wane ɗan ta'adda ne aka kama ta hanyar auna faɗin rigar ɗaliba? Abin da waɗannan dokoki suka haifar shi ne sun koya wa jama'a kallon kowane Musulmi a matsayin abin tuhuma, har ta kai ga a Afrilun 2025 wani ya shiga masallaci a wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar ya sassoke wani matashi ɗan Mali har lahira yana zagin Allah. Adalci kuma ya sa mu faɗi cewa a cikin Faransawa akwai lauyoyi da malamai da 'yan jarida waɗanda ba Musulmi ba, da suka tsaya suka ƙi wannan zalunci, kamar yadda kwamitin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke a 2018 cewa dokar niƙabi ta tauye haƙƙin mata biyu da suka kai ƙara. Sarki Najjashi ma ba Musulmi ba ne a ranar da ya ba sahabbai mafaka.

Mu a wannan yanki ba 'yan kallo ba ne. Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926 tukwicin jinin Musulmin da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi ne a Yaƙin Duniya na Farko. Tukwicin waɗanda suka yi mata na Biyu kuwa an ba su shi a sansanin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, inda aka buɗe musu wuta don sun nemi haƙƙinsu. Daga 1971 an shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana ciyar da tashoshin lantarkin Faransa da shi, Nijar kuwa tana sayen wuta daga Nijeriya. Jikokin waɗancan sojoji da 'ya'yan leburorin da aka ɗebo daga Afirka su ne yau ake auna wa riga.

Sai dai fushinmu ma ya sha ɓata hanya. A Janairun 2015, saboda zanen ɓatancin da wata jaridar Faris ta buga, aka yi tarzoma a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, aka ƙona majami'u masu yawa. Maƙwabcinmu Kirista a Damagaram bai zana komai ba, bai kuma kaɗa ƙuri'a a majalisar Faransa ba. Jaridar ta ci gaba da fitowa, dokar 2004 tana nan inda take, mu kuma muka kwashi alhakin maƙwabta. Haka nan masu murnar ficewar sojojin Faransa daga Mali a 2022, da Nijar a Disamban 2023, da Chadi a Janairun 2025, muna taya su murna, amma su duba gidan sababbin abokan kafin su saki jiki. A Yulin 2019 ƙasashe 37 suka sa hannu a wasiƙar goyon bayan abin da ƙasar Sin take yi a yankin Musulmin Uigur, Saudiyya da Masar da Pakistan da Nijeriya duk suna ciki. Ciwon ɗaya ne, mai bayar da kwangilar ne ya canja.

A Nuwamban 2024 Shugaba Tinubu ya kai ziyarar aiki Faransa, aka ƙulla yarjejeniyoyi. Shari'a ba ta hana ciniki da wanda ba Musulmi ba, Manzon Allah (SAW) ya yi ciniki da su, ya ƙulla alkawari da su ya cika. Amma ƙasar da Kotun Ƙolinta ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi na Jihar Legas haƙƙin sanya hijabi a Yunin 2022 tana da bakin da za ta yi magana da shi a Faris. Saboda haka muna kira ga shugabannin rassa da su rubuta wa sanatoci da 'yan majalisar wakilan mazaɓunsu, da sa hannun jama'a, suna neman a sanya halin da Musulmin Faransa suke ciki a cikin abubuwan da ake tattaunawa duk lokacin da aka zauna da jami'an ƙasar. Limamai kuma su karanta wa jama'a waɗannan shekaru da alƙaluma a wa'azi kamar yadda suke, ba ƙari ba ragi, su kuma ja kunnen matasa cewa babu majami'a ko shagon maƙwabci da za a taɓa da sunan wannan magana. Reshen da ya aika wasiƙarsa ya turo kwafinta ofishin wannan mujalla, za mu buga amsar da kowane ɗan majalisa ya bayar, da sunayen waɗanda ba su amsa ba.