Idon Da Ya Ga Hayaƙi

A shekarar 2003 ne aka gano yara fiye da 100, 'yan Jamhuriyar Benin, suna fasa dutse a wasu ramuka na kewayen Abeokuta, aka kwashe su aka mayar da su ƙasarsu. Ba a ɗaki aka kulle yaran nan ba, a fili suke aiki da rana tsaka. Watau fataucin mutane yakan fake ne da sunan neman abinci, sai idon da aka horar ne yake gane shi.

A wannan shekara ce kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NAPTIP don yaƙi da wannan mugun ciniki, aka kuma sabunta dokarta a 2015. To, amma jami'an hukumar ba sa zagaya masana'antu kowace rana. Wanda doka ta ba wannan izini shi ne sufeton Ma'aikatar Ƙwadago. Yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijeriya ta amince da ita tun 1960, ta ba shi ikon shiga wurin aiki ba tare da sanarwa ba, ya kuma keɓe da ma'aikaci ya yi masa tambayoyi.

Sai dai fa sufeton da aka koya wa duba littafin albashi da lafiyar injuna kaɗai, yana iya wuce bawa ya ɗauka lebura ne. Shi ya sa kwas ya zama wajibi. A 2012 ƙungiyar nan ta duniya ta zayyana alamu 11 na aikin tilas. Daga ciki akwai yaudara wajen ɗauka aiki, da riƙe wa mutum fasfo, da hana shi fita, da danne masa lada, da ɗora masa bashin da kullum ƙaruwa yake yi. Jinkirin albashi kaɗai rigimar ƙwadago ce, ana iya sasantawa. Amma in aka tarar da yarinya ba ta san sunan garin da take ba, kuma wani ne yake karɓar kuɗinta, to magana ta wuce sulhu.

Gane alama rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin abin yi. Kamata ya yi a koya wa sufeto ya gana da ma'aikaci a bayan idon ubangidansa, kada ya yarda ɗan gida ya yi tafinta, kada kuma ya ɗauki wanda aka zalunta a matsayin baƙon haure. Sa'an nan ya rubuta abin da ya gani, ya miƙa wa NAPTIP nan take, domin in ya tsaya yin gargaɗi, kafin wayewar gari an sauya wa mutanen wuri.

Gaskiya ne sufeto ba ya kutsawa gidajen jama'a, inda 'yan aikatau suke, ko da yake dokar 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Amma ma'aikatarsa ce take ba dillalan ɗaukar ma'aikata lasin, ita ce kuma za ta iya bin sawunsu.

Hausawa sun ce idon da ya ga hayaƙi shi ke ɗebo wuta. A koya wa idon sufeto gane hayaƙin, a ba shi mota da mai, sa'an nan a tambaye shi wutar. Allah Ya sa masu iko su ji.