Asusun mata na cika, taron lakkol kuma ba kowa: laifin wa?

Kwanan baya wani direktan lakkol, abokina tun muna yara, ya yi mini kukan da na sha ji a bakin malamai. Ya ce sau biyu yana kiran taron uwayen yara don a yi shawarar rumfunan kara kafin komawa karatu a watan Oktoba, amma waɗanda suka zo ba su cika tabarma biyu ba. Ya rufe da cewa mutanen garin ba su son haɗa kai. Na ce masa: "Mushe, ranar da matan garin ke zaman asusu, mutum nawa ke fashi?" Ya yi jim, sannan ya ce ko hadari ya taso sai sun taru.

To, ga mutane iri ɗaya, gari ɗaya, talauci ɗaya. Wani taron ana rige-rigen zuwa, wani kuma sai an yi ta aike. Ni a ganina Bahaushe bai taɓa ƙin haɗa kai ba. Da gayya muka tashi, da adashe da buki. Abin da mutum ke gudu shi ne ƙungiyar da za ta karɓi kuɗinsa da lokacinsa, ba ta nuna masa inda suka shiga ba.

Mu duba Mata Masu Dubara. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wannan tsari a jihar Maraɗi, kuma ba ta zo wa matan da jari ba. Mata kamar talatin ne ke haɗuwa, su zaɓi shugabanninsu, su yanke abin da kowace za ta riƙa zubawa duk mako, ko da dala biyar ce. Kuɗin na cikin akwati mai kwaɗo, ba a buɗe shi sai gaban kowa. Mai bukata ta ci bashi ta yi ƙuli-ƙuli ko ta sayi akuya, ta mayar da ɗan ƙari. In wa'adi ya cika a raba, kowace ta tafi da abin da ta zuba da ribarsa. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma lissafin na cikin kawunansu, don da ƙarfi ake ƙirga shi. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka.

Me ke kai mace can duk mako? Da farko bukata ce mai lokaci. Ta san damana na tafe, rumbu zai yi ƙasa, yaro na iya kwantawa da masassara, kuma gara ta ranta wurin ƴan'uwanta da ta kai kukanta ga mai kuɗin unguwa. Sai gani da ido: ta san abin da ke cikin akwatin kamar yadda ta san abin da ke ɗaure a bakin zanenta. Akwai kuma mutunci, wanda mu masu boko muka cika mantawa da shi. A can ana jin maganarta, ana iya zaɓenta ma'aji.

Haka yake ga maza manoma masu ajiyar amfanin gona a magaza don samun bashi. Da kaka, lokacin da tiyar hatsi ba ta da daraja, sai su tara buhuna a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da bashin. Su yi sana'ar rani da kuɗin, su biya, su ɗauki kayansu bayan farashi ya tashi. Kwaɗo biyun nan su ne sirrin yardar.

Dattawanmu sun san ɗayan irin. A 1962, zamanin Diori Hamani, gwamnati ta kafa UNCC don bashin manoma da cinikin gujiya da auduga. An yi aiki, ba za a musa ba. Amma daga sama aka tsara abin, littafin lissafi na hannun ma'aikata, manomi kuwa na kallonsa a matsayin kayan gwamnati. Yau ma muna ganin ƙungiyoyin da ake haifa ranar da aka ji motar poroje na tafe. Ana rubuta sunaye, a raba abin da aka kawo, mota na juyawa ƙungiya ta mutu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Wani zai ce: ai asusu riba yake bayarwa, lakkol kuwa karɓa take yi, yaya za a haɗa su? Maganar na da ƙamshin gaskiya, ribar karatun yaro ba ta zuwa a ƙarshen shekara. Amma an gwada a ƙasar nan. A 2004 aka fara aikin "lakkol don kowa" a jihar Tawa tare da hukumar JICA ta Japan. Ginshiƙinsa shi ne a zaɓi kwamitin COGES ta ƙuri'ar sirri maimakon a naɗa na hannun daman maigari, gari ya taru ya tsara aikin shekara da kansa, a kuma dawo a faɗa wa taro abin da aka yi. Daga baya aka yaɗa tsarin a duk ƙasar. Inda aka riƙe shi da gaskiya, uwaye sun kawo kara da itace da ƙarfinsu. Inda zaɓen ya koma al'ada kawai, mutum ɗaya ya shekara goma a kujera, taro ya watse.

Don haka, malamai ƴan'uwana, kafin mu ce uwaye ba su damu ba, mu tambayi kanmu. Karo-karon bara, an karanta lissafinsa a bainar jama'a, jika nawa ta shiga, nawa aka sayi alli da zana? Yaushe aka yi zaɓen ƙarshe? Muna sa taro ranar kasuwa ko lokacin da mata ke daka? Uwar da ba ta jin Faransanci, an taɓa ba ta dama ta yi magana har ta kai ƙarshe?

Ku kuma uwaye, kada ku bar kwamiti ga mutum uku sannan ku koma gindin bishiya kuna zargi. Neman lissafi ba rashin kunya ba ne. Kuma haɗin kanmu ba ya sauke wa gwamnati nauyin gina azuzuwa da biyan malamai, sai dai gari mai ƙungiya ta gaskiya ya fi iya tsayawa gaban magajin gari ya nemi haƙƙinsa.

Abokina direkta ya ce zai je wurin shugabar asusun garin kafin ya sake kiran taro, ya roƙe ta ta zo a ƙirga kuɗin lakkol yadda suke ƙirga nasu, da ƙarfi, gaban kowa. Na ce masa ya ƙaro tabarmi.