Raddi Ga Masu Cewa Daidaiton Amo Ba Shi Da Amfani A Wufar Gida

Wata magana ta yaɗu tsakanin masu sayar da kayan sauti da masu saye: wai in za ka sayi wufa, girgiza kawai za ka duba, daidaiton amo kuwa zancen injiniyoyi ne. Daidaiton da ake nufi shi ne wufa ta fitar da amon ƙasa duka, daga wajen Hz 20 zuwa Hz 80, da ƙarfi ɗaya, ba ta kumbura wani ta danne wani ba. Hujjoji uku suke kafawa, ga amsar kowacce.

Ta farko, sun ce ɗaki ne ke juya sauti, don haka daidaiton wufa aikin banza ne. Gaskiya ne ɗaki yana da tasiri. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, shi ya sa ɗaki mai tsawon mita 5 yake kumbura amon Hz 34 da na Hz 68. To amma wannan hujja a kansu take. Wufar da ta zo da kumburi a wajen Hz 65, in ta shiga wannan ɗaki, ɓarna biyu ce ta haɗu. Kuma ɓarnar ɗaki tana da magani: a sauya wa wufa wuri, a rage kumburin da ikwalaiza, ko a sa wufa biyu, kamar yadda binciken Todd Welti a kamfanin Harman ya nuna. Amon da wufa ba ta iya fitarwa kuwa, babu kusurwar da za ta samo shi.

Ta biyu, sun ce kunne da kansa ba ya jin amon ƙasa sosai, kamar yadda Fletcher da Munson suka tabbatar a 1933, saboda haka dole wufa ta yi ƙari. Sun manta cewa wanda ya haɗa waƙar a situdiyo shi ma kunnen ɗan Adam gare shi. Da wannan kunnen ya auna bes ɗin har ya gamsu. Aikin wufa ta isar da abin da ya auna.

Ta uku, sun ce mutane bes mai yawa suke so. Ba mu musa ba, amma yawa daban, karkata daban. Wufa mai daidaito kana iya ƙara mata ƙarfi yadda kake so, kowane amo ya tashi tare. Mai kumburi kuwa amo ɗaya take maimaitawa, har ka kasa bambanta igiyar jita bes mai Hz 41 da bugun ganga. Gara ka zuba gishiri da hannunka da ka sayi shinkafar da aka riga aka cika wa gishiri. Gwaje-gwajen Floyd Toole a Kanada, inda masu sauraro ba sa ganin sifikar da ke kiɗa, sun nuna yawanci mai daidaiton suke zaɓa.

Don haka, mai saye, kada lambar wat ta ruɗe ka. Nemi iyakar amon da aka rubuta tare da ±3 dB, ka kuma saurari waƙar da bes ɗinta ke hawa da sauka. In duk amo ɗaya ka ji, bar musu kayansu.