Kunun Tsamiya da Ƙosai: Darasin Kimiyya da Muke Zubarwa

Duk wanda ya taɓa buɗa baki a Gwarzo ko Kabo cikin watan azumi ya san cewa ƙosai ba ya zuwa shi kaɗai, sai da kunun tsamiya ko koko a gefensa. A 'yan shekarun nan kuwa, a wurin biki da suna, lemon kwalba ya fara ture waɗannan abubuwan sha. Ra'ayina shi ne wannan musaya hasara ce, domin haɗin da iyayenmu mata suka gada yana da hujja a ilmin halittu, kuma ya cancanci shiga aji.

Harshen ɗan Adam yana gane ɗanɗano iri biyar: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da na biyar wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya bayyana a 1908, ya kira shi umami. Shi ne ɗanɗanon da daddawa ke bai wa miyar kuka. Aikin mai girki shi ne daidaita waɗannan, har da maiƙo da zafin yaji.

Ƙosai an soya shi cikin mai, maiƙonsa kuma yakan lulluɓe harshe har mutum ya ji ya gundura. Tsamiya tana ɗauke da sinadarin tatarik asid, wanda ke sa yawu ya tsinke, yawun kuma ya wanke bakin, sai loma ta gaba ta zo da daɗinta sabo. Wannan sinadari shi ne babban tushen tsamin inabi. A yankin Serra Gaúcha na kudancin Barazil, inda ake yin giyar inabi mai kumfa, masu sana'ar ɗanɗano suna haɗa ta da soyayyen abinci bisa wannan dalili. Mu addininmu ya haramta mana giya, amma hikimar da suke tinƙaho da ita tana nan cikin ƙwaryar kunu, ba tare da maye ba.

Haka lamarin fura da nono yake. Zafin barkono ya samo asali ne daga sinadarin kafsaisin, wanda ke kama wata ƙofa a jijiyoyin baki da aka tanada don jin ƙuna. David Julius da abokan aikinsa suka gano wannan ƙofa a 1997, ya kuma sami kyautar Nobel a 2021. Kafsaisin ba ya narkewa sosai cikin ruwa, shi ya sa kwankwaɗar ruwa ba ta kashe raɗaɗin yaji. Maiƙon nono da furotin ɗinsa su ne ke kwashe shi. Bafulatanar da ta dama fura mai yaji da kindirmo ta riga ta warware matsalar tun kafin a san sunanta.

To, me lemon kwalba ya kawo? Kumfarsa iskar kabon dayoksaid ce, wadda harshe ke ji kamar ɗan tsami, don haka shi ma yakan wanke maiƙo. Amma kwalba guda ta santilita 35 takan ɗauki sukari kimanin giram 35. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi goma cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wato kusan giram 50 ga baligi. Kwalba biyu ke nan sun zarce iyaka.

Wani zai ce zoɓon da ake sayarwa a tasha ma sukari ne zalla, kuma ba a san da wane ruwa aka haɗa shi ba. Gaskiya ne, ruwa marar tsabta kuwa yana kawo taifot da amai da gudawa. Sai dai maganin wannan shi ne tafasa ruwa, wanke mazubi da rage sukari. Ba a fasa noma don tsoron fara.

Kirana ga malamai shi ne su shigo da ƙwarya cikin aji. A toshe wa ɗalibi hanci da idanu, a ba shi yankan gwaiba da na mangwaro. Zai yi wuya ya bambance su, ya gane cewa yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne. A ɗiga ruwan kanwa cikin zoɓo, jansa zai koma wajen kore. A matsa lemon tsami, ja ya dawo. Darasin asid da alkali ke nan, ba tare da an sayo kwalabe masu tsada ba. Ɗalibin Getso ko Garo da ya ga haka da idonsa, idan ya koma gida zai dubi tukunyar mahaifiyarsa da girmamawa, ya kuma fara tambayar dalilin kowane haɗi da ke cikinta.