Ra'ayinmu: Gwamnatin Haɗin Gambiza Da Ƙuri'ar Wanda Ake Kira Baƙo

Tun daga watan Yulin 2025, lokacin da wasu manyan 'yan adawa irin su Alhaji Atiku Abubakar da Mista Peter Obi da Sanata David Mark suka taru a Abuja suka bayyana jam'iyyar ADC a matsayin inuwar da za su shiga domin tunkarar zaɓen 2027, maganar haɗaka ta sake cika bakunan jama'a. A rumfunan kasuwa da teburan masu shayi da majalisun bayan sallar isha'i a nan Jalingo, wasu na cewa haɗaka ita ce dimokuraɗiyya ta ainihi tunda tana tattaro kowa da kowa, wasu kuma na cewa ciniki ne kawai na manya wanda talaka ba ya da ko sisi a cikinsa. Wannan ƙungiya tamu ba ta da jam'iyya, kuma ba ta gaya wa kowa wanda zai zaɓa. To amma da yake aikinta shi ne kare haƙƙin 'yan'uwa mazauna wannan jiha, ya zama wajibi mu faɗi ra'ayinmu, domin maganar ta shafe mu fiye da yadda da yawanmu suke zato.

A ra'ayinmu, haɗaka ba laifi ba ce, kuma ba ta saɓa wa mulkin jama'a ba. Abin da ke mayar da ita dimokuraɗiyya ko ya raba ta da ita shi ne yadda aka ƙulla ta. Idan an ƙulla a bainar jama'a, mai ƙuri'a ya san da wa za a haɗu da kuma abin da aka haɗu a kai tun kafin ya dangwala yatsa, to ƙuri'arsa ce ta yi aiki. Idan kuwa sai bayan an ƙirga ƙuri'u aka shiga ɗaki aka raba kujeru, to an yi ciniki ne da kayan wanda ba ya cikin ɗakin. Mu da ake kira baƙi ko 'yan kama-wuri-zauna, mu ne muka fi kowa yawan zama a wajen wannan ɗaki.

Bari mu fara da hujjar masu goyon bayan haɗaka, domin hujja ce mai ƙarfi. A zaɓen 1979 Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa da kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un da aka kaɗa. Jam'iyyarsa ta NPN ta samu kujeru 36 ne kacal daga cikin 95 na majalisar dattawa, da 168 daga cikin 449 na majalisar wakilai. Da wannan adadi ba zai iya samun amincewar majalisa kan ministocinsa ko kasafin kuɗi ba, shi ya sa ya ƙulla yarjejeniya da NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe, wadda ta samu kujerar kakakin majalisar wakilai da wasu ministoci. Babu shakka gwamnatin da ta haɗa jam'iyyu biyu ta fi wakiltar yawan 'yan ƙasa a kan wadda jam'iyya ɗaya mai kashi ɗaya cikin uku ta riƙe ita kaɗai. Wanda yake son ganin abin da rashin sasantawa ke haifarwa, ya dubi tsohuwar Jihar Kaduna ta wancan lokaci, inda Gwamna Balarabe Musa na PRP ya yi kusan shekara biyu ba shi da kwamishinoni saboda majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da sunayen da ya aika, har aka tsige shi a watan Yunin 1981. Mu ma a nan mun taɓa ganin ƙawance, domin gwamnan tsohuwar Jihar Gongola, Alhaji Abubakar Barde na GNPP, yana cikin gwamnoni tara masu ra'ayin sauyi na UPN da PRP da GNPP da suka riƙa haɗa kai a Jamhuriya ta Biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne a siyasa kamar yadda yake a ginin ɗaki.

To amma tarihi ya nuna mana ɗaya fuskar. Idan dattawanmu za su iya tunawa, a zaɓen 1959 jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano tana ƙawance ne da NCNC, kuma talakan da ya zaɓi NEPU ya yi haka ne domin adawa da NPC. Da aka gama zaɓe, NPC ta samu kujeru 134 daga cikin 312, ba ta kai rabi ba, sai NCNC ta juya ta kafa gwamnatin tarayya tare da ita. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama firayim minista, Dokta Azikiwe ya zama gwamna janar a 1960. A Legas NEPU ta tsinci kanta a ɓangaren gwamnati, a Arewa kuwa 'ya'yanta suna nan a matsayin 'yan adawa, ana gurfanar da su gaban kotunan En'e kamar da. Ko mutum ɗan NPC ne ko ɗan NEPU, zai yarda cewa babu wanda ya tambayi wancan talaka ko ya amince a kai ƙuri'arsa inda aka kai ta.

Ita kanta yarjejeniyar NPN da NPP ba ta yi ƙarko ba, ta watse a 1981, kuma wasu daga cikin ministocin da suka shiga gwamnati da sunan NPP suka gwammace su bar jam'iyyar su riƙe kujerunsu. Haka kuma a 2007, da marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa bayan zaɓen da shi kansa ya yarda yana da kurakurai, shugabannin ANPP suka amsa gayyata suka karɓi muƙamai, alhali ɗan takararsu, Janar Muhammadu Buhari, ya ƙi amincewa, ya ci gaba da shari'arsa har Kotun Ƙoli a watan Disambar 2008. Miliyoyin mutanen da suka sha rana a layi domin ANPP, a rediyo suka ji labarin cewa jam'iyyarsu ta shiga gwamnati. Irin wannan ne Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar su ma sun ɗanɗana. A 1993 jam'iyyar MNSD ta Tandja Mamadou ce ta fi kowace jam'iyya yawan kujeru a majalisa, 29 daga cikin 83, amma sauran jam'iyyu suka haɗu a ƙawancen AFC suka raba manyan muƙamai uku: Mahamane Ousmane shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou firayim minista, Moumouni Adamou Djermakoye shugaban majalisa. Abin da ya haɗa su shi ne kawar da MNSD da rabon kujeru, don haka da rigima ta taso kan iko, Issoufou ya ajiye aiki a watan Satumbar 1994, ƙawancen ya rushe, aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da sabon firayim minista Hama Amadou, har soja suka karɓe mulki a watan Janairun 1996. Haɗakar da babu wani aiki da aka rubuta za a yi wa jama'a a cikinta, ranar da kujerun suka yi kaɗan ranar take mutuwa.

Mai karatu zai iya cewa mene ne haɗin wannan duka da mu, tunda a Taraba jam'iyya ɗaya ce ke kafa gwamnati. Amsa ita ce, tun da aka ƙirƙiro jihar nan daga Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, duk gwamnatin farar hula da aka yi a cikinta haɗaka ce, sai dai haɗaka ta al'ummomi a ƙarƙashin tuta ɗaya. Sashe na 179 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa bayan samun ƙuri'u mafi yawa, dole ɗan takarar gwamna ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, wato 11 daga cikin 16 na jiharmu. Babu wata ƙabila, Mumuye ko Jukun ko Fulani ko Kuteb ko Chamba ko Tibi ko Mambila ko Wurkun ko Hausawa, da za ta iya cika wannan sharaɗi ita kaɗai. Dole a nemi juna, kuma hakan alheri ne. A irin wannan lissafi ƙuri'ar mazauna Sabon Gari da Sintali da Turaki da Majidaɗi, da ta 'yan kasuwar Mutum Biyu da Iware da Garba Chede, tana da nauyi sosai, shi ya sa ake zuwa neman ta.

Matsalar tana fitowa ne bayan rantsuwa. Ranar zaɓe ana ƙirga mutum da katinsa na zaɓe, wanda ake bai wa kowane ɗan Nijeriya a inda yake zaune. Ranar rabon muƙamai da guraben aiki da tallafin karatu kuwa ana ƙirga shi da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a nan, har da waɗanda kakanninsu suka zo tun kafin samun 'yancin kai, suke shan wahala kafin su samu, a garuruwan da kakannin suka baro kuma ba a san su ba. Ke nan duk haɗakar da aka gina a kan rabon kujeru kaɗai, an gina ta ne da ma'aunin da ba ya auna mu. Wannan ba halin Taraba kaɗai ba ne, haka ɗan Taraba da ke zaune a Kano ko Sakkwato yake fuskanta, kuma muna ganin shi ma an tauye shi. Tsarin mulki a sashe na 41 ya ba kowa 'yancin zama a duk inda ya ga dama, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini, sashe na 43 ya ba da damar mallakar fili a ko'ina, sannan sashe na 14(4) ya umurci gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma su lura da bambancin al'ummomin da ke ƙarƙashinsu. Gwamnatin da ta ci zaɓe da haɗaka ta fi kowace gwamnati cancantar a tuna mata da waɗannan sassa.

Akwai kuma wata haɗakar ta ɗaki da ake ƙullawa a cikin gidanmu. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, wasu mutane kan tashi su je wurin 'yan takara su ce ƙuri'ar Hausawa tana aljihunsu. Abin da ake ba su bai wuce 'yan kuɗin mota da atamfofi da muƙamin mai ba da shawara ga mutum ɗaya ba. Mai sayar da nama da ɗan dako da mai faskare da matar aure da ke sana'ar ƙuli-ƙuli a cikin gida ba su san an yi ba, ba su san nawa aka yi ba. Muna sanar da duk wani ɗan takara cewa babu wanda al'ummar nan ta ba wa wuƙa da nama ya sayar da ƙuri'arta, kuma muna kira ga 'yan'uwa su daina ba irin waɗannan dillalai fuska.

A wasu ƙasashe an samo wa wannan cuta magani. A Jamus, inda kusan kowace gwamnati ta haɗin gambiza ce, jam'iyyu kan rubuta yarjejeniyarsu dalla-dalla su buga kowa ya karanta. A 2018 jam'iyyar SPD ba ta shiga gwamnatin Angela Merkel ba sai da ta tambayi 'ya'yanta ta hanyar ƙuri'a, kimanin kashi biyu cikin uku suka amince. Ba mu ce a kwaso tsarin Jamus a kawo Jalingo ba, amma rubuta alƙawari da karanta shi gaban shaidu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka muke yi a cinikin gida da na gona.

Saboda haka muna ba da shawara ga 'yan'uwa da cewa duk ɗan takara ko gamayyar jam'iyyu da ta zo neman goyon baya, a karɓe ta da mutunci, amma a taron jama'a, maza da mata da matasa suna ji. A tambaye su da wa suka haɗu, kuma me suka yi wa juna alƙawari. Sannan a gabatar da buƙatun da suka shafi kowa: ƙa'ida bayyananna wadda yaron da aka haifa a nan zai bi ya samu takardar shaida, kuɗin makaranta iri ɗaya ga duk wanda iyayensa ke biyan haraji a jihar, adalci wajen rabon rumfuna idan an gyara kasuwa, takardun filaye, ruwan sha da magudanai a unguwanni. A rubuta, su sa hannu, a ajiye kwafi. Ɗaliban azuzuwanmu na yaƙi da jahilci su karanta wa waɗanda ba su iya ba, domin kowa ya san abin da aka sa wa hannu da sunansa. A fi mayar da hankali kan kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi, musamman tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa zaɓaɓɓu ne kaɗai suka cancanci riƙe ƙananan hukumomi da kuɗinsu, kuma a can ne yawancin matsalolinmu suke. Tun ran gini ran zane.

Kada kuma mu manta cewa yawancin waɗannan buƙatu ba namu ba ne mu kaɗai. Ɗan kasuwa Ibo da makanike Bayarabe da manomi Batibi da ake kira baƙi suna da irin kukanmu, talakan Kona da na Mumuye kuma shi ma yana neman ruwa da asibiti da makaranta. Idan za mu yi haɗaka, da su ya kamata mu fara, a fili, ba tare da raba mu da sunan addini ko ƙabila ba. Wanda bai yi rajistar zaɓe ba ya je ya yi idan an buɗe, wanda ya yi ya karɓi katinsa ya adana.

Allah ya ba mu shugabanni masu cika alƙawari, ya zaunar da Jihar Taraba da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.